Shamuwa Ta Sauka: Sheƙar Tsuntsaye a Bakin Damina da Abin da Ya Shafi Makiyayi da Ɗan Kasuwa

Ga abin da muka tattauna a filinmu na makiyaya da fatake na wannan mako. Mun sa shi a takarda saboda waɗanda shirin ya wuce su suna kan hanya ko suna bakin rijiya. Wanda ya iya karatu, don Allah ya karanta wa na kusa da shi.

Maganar tsuntsaye muka yi, yadda suke neman aure, da yadda suke ɗinka sheƙa, su yi ƙwai, su ƙyanƙyashe. Wani zai ce, ana fama da tsadar dusa da ƙarancin ruwa, ina ruwanmu da auren tsuntsu? To, a yi haƙuri a bi mu sannu. Akwai kaskar jikin saniyarka a cikin zancen nan, akwai mushen da ke bayan ruga, akwai kuma kayan da za a iya ƙwace maka a shingen kwastan ko na duwan.

Me ya sa sai yanzu?

Duk wanda ya kwana a daji cikin makonnin nan ya ji yadda asuba ta canza. Kuka ya ƙaru, kuma tsuntsayen da muka saba gani da toka-tokar riga duk rani sun fara sake kaya. Dalilin abinci ne. Ɗan tsuntsu yana girma cikin 'yan makonni, kuma yawancinsu ba sa iya cin tsaba tun suna jajaye, sai ƙwari masu taushi. Da ruwan farko ya sauka, shinge ya tashi, tsutsa ta fito, ƙwan fara da ya kwana cikin ƙasa tun bara ya fashe. Tsuntsu yana auna lokacinsa ne yadda ƙyanƙyasarsa za ta dace da wannan wadata. Lissafin da makiyayi ke yi ke nan idan yana son maruƙa su faɗo a kan ɗanyar ciyawa.

Damina kuwa daga kudu take tahowa. Wajen Gaya da Kamba ruwa kan fara cikin watan Mayu, Maraɗi da Katsina da Damagaram su samu cikin Yuni, arewacin Tawa da Agadas sai Yuli. Sheƙar tsuntsaye haka take bin sawun ruwan, zango-zango, kamar yadda garke ke hawa arewa ta burtali.

Masu kasuwancin ƙwan zabi sun riga mu sanin wannan. Ba a cika ganin ƙwan zabi a kasuwar Jibiya ko Mai'aduwa ko Maigatari da rani ba, sai damina ta kama. Zabuwar gida har yau agogon 'yar uwarta ta daji take bi.

Shamuwa, baƙuwar da ba a kora

Kowa ya san shamuwa, baƙa mai farin ciki, wadda 'yan uwanmu Zabarmawa ke kira waliya. Idan ta sauka kan tsamiya ko kukar gari cikin Afrilu ko Mayu, manomi ya fara gyaran hauya. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne inda take zuwa cin rani. Idan kaka ta yi, sai ta yi gabas da kudu, ta ratsa Tanzaniya, har Zambiya da Zimbabuwe da Afirka ta Kudu. Lokacin da muke cikin hunturu, can damina ake yi. Wato shamuwa damina biyu take ci a shekara, kuma tana ƙetare iyakoki da yawa ba fasfo ba lasfase. Amma a nan wajenmu take haihuwa, don haka mu ne danginta.

Namiji ne ke fara kama wuri, sau da yawa tsohuwar sheƙar bara, ya ƙara mata kirare. Mace ta zo, da farko sai ya kore ta, ta dawo, ya sake kora, har ya saba da ita. Daga nan za ka ga suna rusuna wa juna, suna kaɗa kai, suna ƙwanƙwasa baki. A wannan lokaci fatar fuskarsu kan yi shuɗi sosai, da ɗan ja kusa da ido. Ƙwai biyu ko uku take yi, su biyun suna kwanci bi da bi wajen wata guda, 'ya'yan kuma su yi kusan wata biyu kafin su tashi.

Duk tsawon wannan lokaci abincinsu fara ne da tsutsa da makamantansu, daga gonakinmu da makiyayarmu suke tsinto su. Iyayenmu da suka hana yara jifar shamuwa sun san abin da suke yi. Garin da ya sare babban itacen da take sauka, ya kori ma'aikacin da ba ya karɓar lada.

Balbela da carki, abokan garke

Makiyayi ba ya buƙatar a kwatanta masa balbela. Duk rani fara ce fat. To, ku lura da ita yanzu: gashin kanta da na ƙirji da na baya yana komawa ruwan goro, baki da ƙafafu su yi ja na 'yan kwanaki. Kayan biki ne ta sa. Suna yin sheƙa a taro, ɗaruruwa a kan itace ɗaya ko biyu, sau da yawa cikin gari ko bakin tabki. Namiji ya ɗauko kara, mace ta jera, ta yi ƙwai masu ɗan shuɗi-shuɗi, bayan mako uku da 'yan kwanaki su ƙyanƙyashe.

Mutane da yawa suna zaton kaska balbela ke ci. Takan ɗauka jefi-jefi, amma babban abincinta fara ne da ƙwarin da ƙafar saniya ke tayarwa daga ciyawa. Saniya ce mai yi mata kora. Da wannan dabara ta bi dabbobi ta cika duniya, har ta ƙetare teku ta isa Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19.

Mai cin kaska na gaskiya carki ne, wanda ke maƙalewa a jikin saniya yana bin ta har cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya. A kogon itace yake sheƙa, kuma da gashin da ya tsiga daga jikin dabba yake shimfiɗa. Gaskiya ɗaya ce, carki yana da laifinsa: idan ya sami miki a bayan jaki ko sa, yana tonon sa ya sha jini, ya hana shi warkewa. Maganin wannan a rufe mikin ko a shafa masa magani.

Wani dattijo daga wajen Dakoro ya bugo waya yana tambaya, ina carki ya tafi, da can ba a raba shi da garke? Abu biyu ne suka fi cin sa. Na farko, manyan itatuwa masu kogo sun ragu. Na biyu, wasu magungunan kaska masu ƙarfi, idan aka shafa wa dabba, carki ya ci kaskar, shi ma ya tafi. An ga haka a Afirka ta Kudu. Wankan dabbobi da wani magani mai guba ya taimaka wajen ɓatar da carki mai rawayan baki daga ƙasar a farkon ƙarni na 20, bai sake bayyana ba sai wajen 1979. Don haka kafin ka sayi maganin kaska a tebur, ka tambayi malamin dabbobi, kuma kada a zuba wa dabba maganin feshin gona. Wannan ma haɗari ne ga dabbar da mai shan nononta.

Kabare, gwanin saƙa

Idan kana son ganin neman aure da idonka, ka zauna ƙarƙashin itacen da kabare suka mamaye, a bakin kasuwa ko gefen tabki. Namijin da ya yi rani ba a bambanta shi da mace, yanzu ya zama rawaya da baƙin kai. Sai ya je ya tsago ɗanyar ciyawa ko ganyen giginya siriri, ya ƙulla a ƙarshen reshe da baki da ƙafa. Zobe yake fara yi, sa'an nan ya tsaya cikin zoben ya saƙa ɗaki, ya bar ƙofa tana kallon ƙasa. Kusan yini guda ya ishe shi. Ƙarshen reshe da ƙofar ƙasa duk don maciji da shaho ne.

Da ya gama, sai ya rataya a ƙofar kai ƙasa, yana kaɗa fukafukai yana ta surutu. Mace ta zo, ta shiga, ta ja nan ta ja can. In ya yi mata, ita za ta kawo shimfiɗa mai laushi. In kuwa sheƙar ta bushe ba wadda ta karɓa, shi da kansa zai warware ta ya sake sabuwa. Tarkacen da kuke gani a gindin itacen ke nan. Wanda ya taɓa halartar gerewol na Woɗaɓe wajen Ingal ya san tsarin: samari ke ado da rawa, 'yan mata ke zaɓe. Kabare kuma ba ya tsayawa kan mace ɗaya, da ta zauna sai ya fara ginin ɗaki na gaba.

Mulufi, ɗan jan nan da baƙin ciki da ke kumbura gashi yana shawagi kan dogayen ciyayin fadama, shi ma da damina kaɗai yake sa wannan riga. Haka zalaidu mai doguwar wutsiya. Ita macen zalaidu ba ta ɗinka sheƙa ko kaɗan, a sheƙar wasu ƙananan tsuntsaye take ajiye ƙwanta su yi mata reno. Hausawa na cewa hankaka mai da ɗan wani naka, kuma maganar tana da tushe: akwai wata tsuntsuwa mai zane-zane da doguwar wutsiya da ke saka ƙwai a sheƙar hankaka, shi kuwa ya ƙyanƙyashe ya ciyar.

Cilakowa da kullen da ta sa wa kanta

Wannan shi ne ya fi ba masu sauraro mamaki. Idan cilakowa ta sami kogon itace da ya yi mata, sai ta shiga, ta toshe ƙofar da laka da kashinta, ta bar 'yar tsaga wadda baki kaɗai ke wucewa. A ciki za ta yi ƙwai, a ciki kuma gashin fiffikenta da na wutsiya zai zube, ta zama ba ta iya tashi. Tun daga ranar, namiji ne ke kawo mata abinci ta wannan tsaga, safe da yamma, makonni. Sai 'ya'yan sun tasa, wuri ya yi musu kaɗan, sabon gashi ya fito mata, ta fasa ta fita. 'Ya'yan kuma su sake toshe ƙofar da kansu, iyaye biyu su ci gaba da ciyar da su.

To, ku duba abin da ke faruwa idan yaro ya harbe namijin cilakowa da danƙo a wannan lokaci. Shi yana ganin tsuntsu ɗaya ya kashe, alhali akwai uwa da 'ya'ya cikin kogo suna jiran abincin da ba zai zo ba. Haka wanda ya sare itacen don gawayi.

Masu sheƙa a ƙasa

Zabon daji da fakara da tuje da zakaran ƙeƙuwa a ƙasa suke yin ƙwai. Zabuwa ta sami gindin ciyawa ta tone kaɗan, ta tara ƙwai, ta yi kwanci kusan mako huɗu. Zakaran ƙeƙuwa kuwa a fili yake ajiye nasa kusa da ruwa, launinsu kamar tsakuwa. Idan kana kora garke zuwa mashaya ka ga ya taso yana ihu yana kawo maka sura, to ƙwansa na kusa. Ka ɗan karkata da dabbobin taku kaɗan, ba abin da zai rage ka.

Abin da ya fi cin waɗannan shi ne kare da yaran kiwo. Ƙwan zabon daji yana da daɗi, ba musu. Amma wanda ya kwashe sheƙa duka bana, baɗi ba zabuwar da za ta yi masa wani. Jimina abin misali ce. Da can tana yawo a dazukan Nijar har Ayar, farauta da kwasar ƙwai suka gama da ita. Yau sai da aka keɓe wuri a Kelle, wajen Gure a jihar Damagaram, ana kiwon 'yan kaɗan da suka rage don a sake mayar da su daji.

Gauraka

Fulani na ce mata kumarewal. Dattawa na tuna lokacin da ake ganin garkenta a fadamun Sakkwato da na Haɗeja. Rawar gauraka abin kallo ce: mace da namiji su rusuna wa juna, su buɗe fukafukai, su yi tsalle sama, su ɗauki ciyawa su wurga. Idan suka haɗu sukan daɗe tare. Tsakiyar damina suke sheƙa, daga Yuli zuwa Oktoba, su tara ciyawa cikin ruwa marar zurfi, su yi ƙwai biyu ko uku.

Yau da wuya ka ga gauraka a dajin Najeriya. Inda ta fi saura a yankinmu shi ne ƙasar Tabkin Cadi, da Waza a arewacin Kamaru, da Zakuma a Cadi. Fadamun da take sheƙa an mai da su gonaki ko sun ƙafe, sa'an nan ana kama 'ya'yanta ana sayar wa masu kuɗi su ajiye a gida don ƙawa. Gaurakar da ke yawo a tsakar gidan attajiri ba a nan aka ƙyanƙyashe ta ba, daga sheƙa aka ɗauko ta, kuma wani ne ya ƙetare iyaka da ita cikin kwali.

Ungulu

Ita ungulu agogonta daban ne. Da hunturu take sheƙa, can ƙololuwar babban itace, shi ya sa ake cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Ƙwai ɗaya tak take yi a shekara. Kwanci wajen kwana 50, sa'an nan ɗan ya yi wata uku zuwa huɗu a sheƙa. Wato yanzu da bazara ne yake shirin tashi, daidai lokacin da ciyawa ta ƙare, makiyayi ke hawa gawo da maɗaci yana saro wa dabbobi ganye. Ba mu ce a bar dabba da yunwa ba. Roƙonmu, kafin ka hau ka ɗaga kai. In akwai sheƙa, ka nemi itace na gaba.

Ku tambayi mahauta a kowace kasuwar kan iyaka, za su gaya muku yadda ungulu ta ragu a kwata. Tun 2015 masana suka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa. Babban abin da ke kashe ta a Afirka ta Yamma shi ne cinikin kanta da sassan jikinta don tsubbu, da kuma guba. A farkon 2020, a ƙasar Gini Bisau, ungulu fiye da 2,000 suka mutu da gubar da aka sa musu da gangan, da yawa an iske an cire kawunansu. Tsuntsuwar da ke haihuwar ɗa ɗaya a shekara, yaushe za ta mayar da wannan?

A nan makiyayi yana da hannu ta hanya biyu. Idan kura ko dila ta ɓarnata maka dabba, ka sa wa mushen guba, ungulu ce za ta riga kowa sauka, kuma mushe ɗaya na iya kashe gommai. Hanya ta biyu magani ce. A Indiya, cikin shekarun 1990, an yi ta yi wa shanu allurar kashe ciwo mai suna dikilofenak. Ungulayen da suka ci mushen shanun sai ƙodarsu ta lalace, fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu irinsu suka mutu. Mushe ya taru, karnukan da ba su da mai su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. A 2006 hukuma ta hana yi wa dabbobi wannan allura. Ungulu ba ta jewar banza: mushen da za ta share cikin sa'o'i, in babu ita kwanaki zai yi yana ruɓa kusa da rijiya, ƙuda da kare suna yawo da cuta. Sai dai a kula, dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, ana zargin saifa, wannan kada a feɗe ta, kada a bar wa ungulu. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi.

Jan baki

Kada a ce mun yabi tsuntsu mun manta da manomi. Jan baki shi ma da damina yake haihuwa, dubbai kan dubbai cikin dajin ƙaya, musamman a ƙasar Tabkin Cadi. Ƙwansa kwana 10 kacal yake yi ya fashe. Idan tsabar ciyawar daji ta yi ƙaranci sai ya faɗa wa gero da dawa da shinkafa, kuma hukumomi kan yi masa feshi da jirgin sama a inda yake kwana. Idan kuka ji an yi feshi, a nisanta dabbobi da wurin da ruwan da ke kusa har sai ma'aikatan gona sun ce a koma. Tsuntsayen da suka faɗo kuma kada a tsince su, balle a soya a kai tasha. Guba ce a jikinsu.

Baƙin da suka tafi, da zoben ƙafa

Masu kiwo a fadamun Haɗeja da Nguru, da bakin Komadugu wajen Difa, da tabkin Madarunfa, sun lura agwagin ruwa da ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka cika wurin da sanyi sun watse tun Maris da Afrilu. Waɗannan ba a nan suke sheƙa ba. Sun ci sun yi ƙiba, sun ƙetare Sahara, can Turai da Rasha za su yi aure su haihu idan sanyin can ya wuce, su dawo mana da kaka.

Wani lokaci za ka ga tsuntsu da zoben ƙarfe a ƙafa mai lamba, ko 'yar na'ura a baya. A wannan zamani na rashin tsaro mutane kan tsorata. A Masar ma, a 2013, an taɓa tsare wata babbar shamuwar Turai a ofishin 'yan sanda ana zaton leƙen asiri take yi. Masu bincike ne ke sa waɗannan don sanin hanyar da tsuntsu ke bi. In ka tsinci mai zobe ya mutu, ka rubuta lambar da wurin da ranar, ka kai wa ma'aikatan gandun daji.

Idan kuwa ka iske tsuntsaye da yawa sun mutu wuri ɗaya, kada ka taɓa, kada yara su taɓa, ka sanar. Murar tsuntsaye ta bayyana a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, kafin watan ya ƙare an same ta a Magarya. Masu kaji da zabi na wancan lokaci ba su manta asarar da aka yi ba.

Ga Alhaji ɗan kasuwa da direba

Wani zai ba ka kwali ko buhu ya ce ka sauke masa a gaba, ga ɗan na goro. Ka buɗe ka gani. Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji ta 1998, Najeriya ta kafa tata a 1985 aka yi mata gyara a 2016, kuma ƙasashen biyu, da Cadi da Kamaru da Benin, duk suna cikin yarjejeniyar duniya ta CITES da ta tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe. Gauraka da ungulu da aku suna ciki. In aka kama su a motarka ba takarda, kai ne a hannu, mai kayan yana gida. Ribar kwali ɗaya ba ta kai a tsare maka mota da kayan mutane ba.

Yadda za ka yi kallo ba ka yi ɓarna ba

Makiyayi ya fi kowa samun damar wannan kallo, tunda shi ke wuni a daji. Bayan sallar asuba zuwa hantsi ne lokacin da ya fi. Ka zauna a inuwa, ka yi shiru, su za su manta da kai. Ka lura da abin da tsuntsu ke ɗauke da shi a baki: in kara ne ko ciyawa, gini yake yi, in tsutsa ce ko fara, akwai 'ya'ya. In ka ga uwa ta tashi tana kewaya ka tana kuka, ka matso da yawa, ka ja baya, don zafin ranar bazara na iya kashe ƙwai cikin ɗan lokaci in ba ta kai. Masu ɗaukar hoto da waya, kada a karya reshen da ya rufe sheƙa, hankaka na kallon ku. Ɗan tsuntsun da ya faɗo bai yi gashi ba, in ka ga sheƙar ka mayar da shi, uwar za ta karɓa. Malamai sun kawo mana cikin hadisin Abu Dawuda cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauki 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fukafukai, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarce su su mayar mata da 'ya'yanta.

Akwai kuma labari mai daɗi. Tun cikin shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi suka fara sassaben zamani, wato barin tohon itace a gona ana yi masa gyara maimakon a tumɓuke shi. Abin ya bazu har Damagaram da Tawa, ana ƙiyasta fili wajen hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa. Gawon da ya tsaya a gona, saniya ta ci 'ya'yansa da rani, gero ya yi kyau a gindinsa, in ya girma kuma tsuntsu ya sami wurin sheƙa.

Muna roƙon masu sauraro su aiko mana ranar da shamuwa ta sauka a garinsu bana, da ko har yanzu ana ganin carki a garkensu da ungulu a kwatarsu. Za mu karanta a shiri na gaba, mu gwada gari da gari. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dabbobi, ya kai matafiya gida lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.